Robert Taylor da makarantar da ɗalibanta suka gina da hannunsu

Malam Sani Mai Zane: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a aji na ce wa ɗalibaina su kawo mini sunan baƙar fata ɗaya tak da ya yi fice a zanen gine-gine kafin 1950. Aji ya yi tsit. Kowa ya san Frank Lloyd Wright, amma ko mutum ɗaya bai taɓa jin sunan Robert Robinson Taylor ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi nan.

An haife shi ranar 8 ga Yuni 1868 a garin Wilmington na jihar North Carolina, shekara uku bayan an soke bauta a Amurka. Mahaifinsa Henry Taylor a cikin bauta aka haife shi, ubansa farar fata ne mai bayi, uwarsa baiwa. Kafinta ne kuma magini, a hannunsa Robert ya fara riƙe zarto da guduma. A 1888 ya shiga MIT, jami'ar kimiyya da fasaha da ke jihar Massachusetts, ya fito a 1892, shi ne baƙar fata na farko da ya kammala karatu a can. Yana da damar zama a jihohin arewacin ƙasar inda wariyar ta ɗan yi sauƙi. Sai ya amsa kiran Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙaƙen fata ta Tuskegee, ya tafi can jihar Alabama, tsakiyar Kudu, inda baƙar fata ke iya rasa ransa kan kallon da bai yi wa wani daɗi ba. Kusan shekara 40 ya yi yana zana gine-ginen makarantar yana koyarwa.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda aka yi ginin. Shi ke zane, ɗalibai ke haƙo yumɓu su buga bulo su gasa, su sare itace su tsaga katako, su ɗora gini har rufi. Cocin makarantar da aka gama a 1898 ya ci bulo kusan miliyan 1.2, duk ɗalibai suka buga. A ganina wannan mutum ya cancanci a koyar da tarihinsa a kowane sashen zanen gini da ke ƙasar nan. Me kuka gani?

Abba Ɗalibi: Wa alaikumus salam Malam. Shi ne wanda aka sa wa dogayen benayen nan na Chicago sunansa? Na taɓa karanta cewa unguwar ta lalace da miyagun ƙwayoyi har aka rushe ta.

Malam Sani Mai Zane: A'a Abba, mutane da yawa suna wannan ruɗewar. Waɗancan benaye sunan ɗansa aka sa musu, Robert Rochon Taylor, wanda ya shugabanci hukumar gidaje ta Chicago. Kuma bayan rasuwar ɗan ma aka gina su. Uban ba shi da hannu a ciki.

Baba Birkila: Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, jikana ke rubuta mini abin da nake faɗa. Shekara 37 ina riƙe da cokalin gini. Malam, ka ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu? Duk wanda bai taɓa gasa bulo ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Jan bulo ba kamar bulon siminti ba ne da za ka buga yau ka yi ta ba shi ruwa kwana kaɗan ka ɗora. Sai ka san ƙasarka tukuna. In yumɓu ya yi yawa ya tsage tun a shanya, in yashi ya yi yawa ya marmashe a hannu. Ka cuɗa, ka buga, ka shanya a inuwa kada rana ta fasa shi, sannan ka jera a murhu ka bar wa wuta hanya. Wutar nan kwana da kwanaki ba barci. Ka yi gaggawa ya fashe, ka yi sanyin hannu ya fito ɗanye. In an sauke, sai ka ɗauki biyu ka ƙwanƙwasa su da juna. Mai kyau ƙara yake yi kamar ƙarfe. Wanda bai gasu ba sai ka ji tuf, kamar ka bugi ƙullin gari. Yaran da suka iya wannan har sau miliyan, wallahi ba ƙananan yara ba ne.

Malam Sani Mai Zane: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ai kuwa ba da sauƙi suka iya ba. Tun kafin zuwan Taylor, a farkon shekarun makarantar da aka buɗe a 1881, Washington ya gwada gasa bulo sau uku yana lalacewa. Kuɗi suka ƙare, malamai suka ce a haƙura. Sai ya ɗauki agogonsa ya kai birnin Montgomery ya jinginar a kan dala 15, da kuɗin aka yi gwaji na huɗu, aka dace. Agogon bai dawo hannunsa ba. Daga baya har fararen fatan yankin suka riƙa zuwa sayen bulo a makarantar.

Auwal Ɗan Tarihi: Malam Sani, ka san ina girmama ka, amma ba zan bar labarin nan ya tafi a haka ba. Labarin agogo yana da daɗin ji. Sai dai mu tambayi kanmu, me ya sa attajiran fararen fata suka yi ta zuba kuɗi a Tuskegee? Carnegie ya gina musu ɗakin karatu, Rockefeller ya ba da nasa. Saboda tsarin ya yi musu daidai ne. A 1895 Washington ya tashi a Atlanta gaban taron fararen fata ya ce a harkokin zamantakewa za a iya zama a rarrabe kamar yatsun hannu. Ma'ana baƙi su ajiye maganar daidaito da siyasa, su kama noma da sana'a. Fararen Kudu suka yi ta tafi. Shekara shida bayan nan, a 1901, jihar Alabama ta rubuta sabon tsarin mulki da ya ƙwace ƙuri'a daga hannun kusan dukkan baƙaƙenta. A shekarar ake gama ɗakin karatun da Taylor ya zana. Ginshiƙai suna tashi, 'yanci yana faɗuwa.

W. E. B. Du Bois, masani baƙar fata ɗan gwagwarmaya wanda ya rasu a Accra a 1963, ya fito fili ya soki wannan hanya tun 1903. Ya ce al'umma ba ta tashi da kafintoci kaɗai, tana bukatar lauyoyi da likitoci da masu tunani, kuma wanda ba shi da ƙuri'a ba zai iya kare ko shagon da ya gina ba. Ni ina tare da Du Bois. Taylor gwani ne, ban musa ba, amma gwanintarsa ta yi wa tsarin sallamawa ado ne.

Injiniya Hadiza: Yaya Auwal, akwai abin da ka tsallake. Taylor da kansa hujja ce a kan maganarka. Mutumin nan digirin MIT gare shi. Da Tuskegee leburori kawai take son fitarwa, me za ta yi da shi? Ai ko tsohon birkila ya isa ya koya wa yaro jera bulo. Abin da Taylor ya kawo shi ne zane. Ya sa dole ɗalibi ya zana abu a takarda da ma'auni kafin ya taɓa katako ko ƙarfe. Wanda ya iya zane da lissafin kaya ya tashi daga mai karɓar umarni ya koma mai bayarwa, shi ke karɓar kwangila ya ɗauki wasu aiki.

Kuma a duba waɗanda suka bi ta wannan sashe. Vertner Tandy ya yi karatu a Tuskegee ya wuce jami'ar Cornell, ya zama baƙar fata na farko da jihar New York ta yi wa rajistar zanen gine-gine. William Sidney Pittman ɗalibin can ne. Wallace Rayfield ya koyar a can kafin ya buɗe ofishinsa a Birmingham, kuma shi ya zana cocin nan na titi na 16 da masu wariya suka dasa wa bam a 1963 suka kashe 'yan mata huɗu. Me ya sa aka kai wa cocin hari? Saboda a cikinsa ake taruwa ana shirya zanga-zangar neman 'yanci. To ka ga ginin da mutanen Tuskegee suka zana shi ya zama ɗakin taron masu gwagwarmayar da kake yabo.

Auwal Ɗan Tarihi: Ƙanwata, maganar cocin Birmingham ta shige ni, na karɓa. Amma mutum uku ko huɗu kika lissafa. Dubban da suka bi ta makarantar fa? Yaro ya zo neman ilimi, a ba shi fatanya ya yini a ramin yumɓu, sai dare ya shiga aji a gajiye. Washington da kansa ya rubuta cewa iyaye sun yi ta ƙorafi, suna cewa ba don wannan suka turo 'ya'yansu ba. Mutanen da suka yi shekara 250 suna aikin ƙarfi kyauta, ka zo ka ce musu maganinsu ƙarin aikin ƙarfi?

Baba Birkila: Ɗana Auwal, tsaya in tambaye ka. Bawa in ya gina gida, na wa ne? Na ubangidansa. Yaran nan da suka gina ɗaki, wa ya kwana a ciki? Su. Wa ya yi karatu a ajin? Su da ƙannensu. To ina haɗin? Gumi ɗaya ne amma mai cin moriyar ya bambanta. Ni na gina gidajen mutane ba adadi, amma ɗaki biyun da na gina wa kaina su nake kallo in ji sanyi a raina.

Kuma in gaya maka, aikin hannu ba ya rage wa mutum daraja sai a wurin wanda bai san shi ba. Mu a nan har sarautar Sarkin Magina gare mu. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sarakuna ke aika masa.

Maman Ilham: Salam jama'a. Ina karanta ku tun ɗazu daga wurin aiki, sai yanzu na samu sarari. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Atlanta, kuma mun taɓa kai yara Tuskegee lokacin hutu, tafiyar kamar awa biyu ce a mota. Bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mun shiga gidan Washington da ake kira The Oaks, Taylor ne ya zana shi, yanzu hukumar kula da wuraren tarihi ta gwamnatin tarayya ke riƙe da shi. Kafin mu shiga na tsaya a jikin bango na ɗora hannu. Bulon ba irin na kamfani ba ne da za ka ga duk kansu ɗaya. Wani ja wur, wani ya yi duhu kamar ya kusa ƙonewa, wani gefensa bai miƙe sosai ba. Baba zai fi ni sanin dalili. 'Yata ta ce Mama me kike shafawa, na ce mata yara ne kamar yayanki suka yi wannan da hannunsu, iyayensu kuma bayi ne da doka ta hana a koya musu karatu. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba.

Abu na biyu, gine-ginen ba su yi kama da na talakawa masu neman taimako ba. Manya ne, da ginshiƙai a gaba, da dogayen tagogi, da baranda mai faɗi. Ginin White Hall mai hasumiyar agogo yana nan tsaye tun 1910 ana amfani da shi. Ka tuna a lokacin yawancin baƙaƙen yankin a bukkar katako mai ɗaki ɗaya suke kwana a gonakin auduga. Yaron da ya fito daga irin wannan bukka ya ga wannan gini, aka ce masa ɗan'uwanka baƙi ne ya zana, 'yan'uwanka suka gina, ai an gaya masa wata magana da ba a iya faɗa a kan mumbari a Alabama ta wancan zamani.

Baba Birkila: 'Yata, wanda ya yi duhu shi ne na kusa da bakin wuta, ya fi sauran ƙarfi ma. Mai haske na can sama ne ko gefe. Magini mai hankali yakan sa masu duhun a ƙasa da waje inda ruwa ke duka, masu hasken a ciki. Tunda ginin ya haura shekara ɗari yana tsaye, to an yi wannan zaɓen.

Auwal Ɗan Tarihi: Maman Ilham, tunda ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sanin abin da sunan Tuskegee ke tunawa mutane a asibitocin Amurka. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙe baƙaƙen maza kusan 400 masu ciwon tunjere a wannan yanki, ba a gaya musu ciwonsu ba, ba a ba su magani ba ko bayan an samu fenisilin, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum. Makarantar ta ba da haɗin kai, kuma an yi amfani da asibitinta na John A. Andrew. Wa ya zana asibitin da aka buɗe a 1913? Taylor. Ba ina cewa da saninsa aka yi ba, Allah ya kiyaye in ɗora masa. Ina nuna muku ne inda dogaro da yardar masu iko ke kai cibiya. Makarantar da ta saba cewa to, ranar da ya kamata ta ce a'a ba ta iya ba.

Maman Ilham: Wannan gaskiya ne Yaya Auwal, kuma har yau muna fama da tabonsa. Akwai tsofaffin da in ka zo musu da allura sai sun tambaye ka sau uku me ke ciki. Ba zan kare wannan ba ko kaɗan. Abin da zan ƙara kawai, asibitin nan shekaru da yawa shi ne inda baƙar fata a wannan yanki zai je a kwantar da shi a gado kamar mutum, kuma a can aka horar da ma'aikatan jinya baƙaƙe masu yawa. Duka biyun sun faru a gini ɗaya.

Malam Sani Mai Zane: Auwal, akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. Bayan rasuwar Washington a 1915, masu binciken takardunsa sun gano cewa a ɓoye yana biyan kuɗin lauyoyin da ke ƙalubalantar dokokin hana baƙi ƙuri'a, har da ƙarar da ta fito daga Alabama ta kai kotun ƙoli a 1903. A fili yana lallashi, a ɓoye yana yaƙi. Kana iya cewa dabarar ba ta yi aiki ba, amma ba za ka ce bai damu ba.

Shi kuma Taylor, a tuna daga ina ya fito. A watan Nuwamba 1898, shekarar da aka gama cocin, fararen fata ɗauke da bindigogi suka far wa garinsu Wilmington. Suka ƙone ofishin jaridar baƙaƙe, suka kashe mutane da dama, suka kori zaɓaɓɓun shugabannin gari suka naɗa nasu. Wilmington gari ne da baƙi ke da ƙuri'a da jarida da dukiya, duk abin da Du Bois ke kira a nema, kuma a yini ɗaya aka tarwatsa shi. Mutumin da aka yi wa garinsu haka ya san abin da fito-na-fito ke jawowa a Kudu fiye da ni da kai. Duk da haka bai yi ƙaura ta dindindin ba. Ya je Cleveland a 1899 ya yi aiki na 'yan shekaru, ya dawo Tuskegee a 1902 ya karɓi shugabancin dukkan sashen sana'o'i, daga baya a 1925 ya zama mataimakin shugaban makarantar.

Injiniya Hadiza: Ni aikinsa da ya fi burge ni ma ba manyan ginin ba ne, ƙananan makarantun ƙauye ne. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Washington aka fara da makarantu shida a kusa da Tuskegee. Taylor da abokan aikinsa suka fitar da zanen farko, aka buga a ɗan littafi a 1915 don kowane ƙauye ya iya bi. Ku dubi tunanin da ke ciki. Babu lantarki, sai aka jera manyan tagogi don hasken rana ya wadaci aji. Ƙasa na da danshi, sai aka ɗaga ginin a kan 'yan ginshiƙai iska na bi ta ƙasa. Akwai bangon katako da ake turewa, aji biyu su koma zauren taron gari. Kuma ba kyauta ake ba mutane ba, sai ƙauye ya kawo nasa kason, kuɗi ko fili ko katako ko ƙarfinsa. Zuwa 1932 an gina kusan makarantu 5,000 a jihohi 15.

Na taɓa duba wani aikin ajujuwa a wani ƙauye, ba zan faɗi wurin ba. Tagogi ƙanana kamar na kurkuku, an fuskantar da su inda rana ke duka da yamma, kwano ba silin. Ƙarfe goma sha biyu yara sun fito gindin bishiya saboda zafi. Wanda ya zana bai taɓa taka ƙauyen ba. Na dawo gida raina a ɓace, don na san abin da ake bukata ba kuɗi ba ne, tunani ne irin wanda wani ya yi tun 1915.

Auwal Ɗan Tarihi: To ki ƙarasa labarin mana ƙanwata. A 1920 an ɗauke shirin daga Tuskegee aka mayar da shi Nashville ƙarƙashin wani farar fata, aka sake zanen. Yawancin makarantu 5,000 ɗin nan bayan an karɓe aikin daga hannun su Taylor aka gina su. Mai kuɗi ya ga dama ya ba ka, ya ga dama ya karɓe. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko.

Kuma kada mu ɗauka abin ya tsaya a Amurka. A 1901 Jamusawa sun kawo mutanen Tuskegee ƙasar Togo don su koya wa mutane noman audugar da masaƙun Jamus ke so. A shekarun 1920 kwamitin ilimi na gidauniyar Phelps-Stokes ta Amurka ya zagaya Afirka yana ba Turawan mulkin mallaka shawarar su bi tsarin Tuskegee, a koya wa ɗan Afirka noma da sana'a, a rage masa ilimin da zai sa ya fara tambaya. Hans Vischer, Ɗan Hausa namu na Kano da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, shi ne sakataren kwamitin ba da shawara kan ilimi na ofishin mulkin mallaka a Landan, kuma ya bi tawagar Phelps-Stokes ta 1924 zuwa Gabashin Afirka. Ba wai labarin wasu can nesa muke yi ba. Shi kansa Taylor a 1929 ya je Laberiya ya tsara makarantar Booker Washington da ke Kakata, kuma cikin masu hannu a tafiyar akwai kamfanin Firestone mai gonakin roba. Kamfanin roba me yake nema a makaranta in ba ma'aikata ba?

Malam Sani Mai Zane: Duk abin da ka lissafa ya faru, ban da ja. Inda muka rabu shi ne, kai kana auna Taylor da niyyar masu ba da kuɗi, ni ina auna shi da abin da ya bari a hannun ɗalibi. Firestone na iya son leburori, amma yaron Kakata da ya koyi karanta zane da auna kusurwa, ilimin na kansa ne, ba a karɓe shi a bakin ƙofa. Makarantar tana nan har yau tana fitar da masu sana'a a Laberiya. A 1911 da MIT ta cika shekara 50 ta gayyaci tsofaffin ɗalibanta su gabatar da jawabi, Taylor na cikinsu, kuma abin da ya gaya musu shi ne ƙa'idar aiki da ya koya a wurinsu ita yake dasawa a Tuskegee. Bai je Alabama da ilimi mai rahusa don baƙi ba, da na MIT ya je.

Auwal Ɗan Tarihi: Na yarda mutumin kirki ne kuma gwani. Ban yarda hanyar ita ce daidai ba. In za ka koyar da shi a aji, Malam, don Allah ka koyar da 1901 da Nashville da asibitin tare da bulon. Kada yara su fita da rabin labari.

Malam Sani Mai Zane: Na ɗauki wannan alkawari. Zan ma gayyace ka ka zo ka faɗa musu da bakinka.

Abba Ɗalibi: Malam, cocin mai bulo miliyan ɗin yana nan? Ina son in nemi hotonsa.

Maman Ilham: Babu shi Abba. Gobara ta cinye shi a watan Janairu 1957. Wanda ke wurin yanzu sabo ne, an gama shi a 1969, zanen Paul Rudolph tare da wasu baƙaƙen masu zane biyu, Fry da Welch. Za ka samu tsofaffin hotuna dai. Taylor ya riƙa cewa a duk ayyukansa tsohon cocin ya fi so. Bayan ya yi ritaya ya koma Wilmington, amma yakan kawo ziyara. Ranar 13 ga Disamba 1942 yana cikin cocin ana ibada ya yanke jiki ya faɗi, a ranar ya rasu, yana da shekara 74. Kabarin Washington na nan kusa da wurin, mun tsaya a kai. A 2015 gidan waya na Amurka ya fitar da kan sarki mai hoton Taylor, kuma Valerie Jarrett da ta yi wa Obama babbar mai ba da shawara tattaɓa-kunnensa ce.

Baba Birkila: Allahu akbar. Ya faɗi a ƙarƙashin rufin da ya zana. Malam Sani, ina da roƙo. Yaran nan naka masu zane, akwai wanda ya taɓa cuɗa yumɓu da ƙafarsa? Akwai wani abokina da ke gasa jan bulo a bayan gari, ranar Asabar zai sauke murhu. Ka kawo su su gani, kowa ya ɗauki biyu ya ƙwanƙwasa da kunnensa.

Malam Sani Mai Zane: In sha Allahu Baba. Su 23 ne, zan nemi mota. Ƙarfe nawa?

Baba Birkila: Bakwai na safe, kafin rana ta yi zafi. Ka ce su sa tsofaffin kaya, kuma kowa ya zo da ruwan shansa.

Injiniya Hadiza: A ajiye mini wuri a motar. Yaya Auwal, kai ma ka zo.

Auwal Ɗan Tarihi: Zan zo. Baba, a ina za mu haɗu?